Fasfo a Cikin Samira

Ranar Talata ba a shiga teku a unguwar Chorkor, saboda haka ita ce ranar da masunta ke samun lokacin faɗa. Sufeto Nortey Sowah ya saba, shi ya sa bai ko ɗaga kai ba da ya ji hayaniya a bakin kantar ofishin 'yan sanda. Sai da ya ji wata murya ta danne sauran, sannan ya miƙe zumbur kamar ɗan makaranta.

Ataa Laryea ne, mai kwale-kwale biyu, aminin marigayi mahaifinsa. Shi ya riƙe hannun Nortey ya kai shi wurin ɗaukar 'yan sanda shekara goma sha tara da suka wuce, kuma har yau bai bar kowa ya manta ba.

"Ina ɗan nan nawa? Nortey! An yi wa uwarka sata kana zaune kana shan fanka?"

"Sannu da zuwa, Ataa. Ku shigo ciki."

A bayansa matarsa ce, Maa Lamiley, mai bandar kifi. Ta sa safar ƙafa fara a hannuwanta biyu, irin ta maza, duk ta yi danƙo da man kaɗanya. Kofur Serwaa da ke kan kanta ta kalli safar, ta cije leɓe. Maa ta gani, ta tura hannuwan cikin zane.

"Me aka ɗauka, Maa?"

"Fasfona, ɗana. Da takardar ranar komawa."

"Komawa ina?"

Ta yi bayani a hankali, idonta a ƙasa. 'Yarsu Koshie tana Kanada. Shekara goma sha ɗaya da aure sai bana ta samu ciki, cikin kuma ya zo da wahala, likitoci sun kwantar da ita, saura mako bakwai ta haihu. Ta cika wa iyayenta takardun biza. Mako uku da suka wuce suka je ofishin da ake ɗaukar hoto da zanen yatsu, na'ura ta ƙi karɓar na Maa. Shekara arba'in tana juya kifi a kan wuta, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Suka ce in daina aiki, in riƙa shafa mai, in dawo jibi Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya. Mako uku ke nan ko tsintsiya ban ɗauka ba. Jiya da yamma na buɗe in duba takardun, wayam."

"Ataa, kai fa naka?"

"Ni?" Tsohon ya bugi ƙirji. "Ina ɗora hannu na'urar ta kawo kore. Tashi ɗaya! Biza kawai nake jira. Bar wannan zancen. Ɓarauniya tana nan cikin gidan, 'yar hayar nan 'yar garin Keta, Esinam. Wa ya san asalinta? Ka kamo ta kafin ta sayar da shi."

"Esinam ba ta taɓa ɗaukar mini ko allura ba," in ji Maa.

"Ke yi mana shiru. Da safarki."

A shekara goma sha tara na aiki, Sufeto bai taɓa kulle mutum don wani ya nuna shi da yatsa kawai ba. Ran nan ya yi. Bai tambayi hujja ba, don bakinsa ba zai iya tambayar Ataa Laryea hujja ba. Ya tura Kofur Serwaa ta zo da matar, shi kuma ya bi Maa gida.

Kamar yawancin tsofaffin bakin teku, Ataa yana gidan maza tare da 'yan uwansa, Maa tana gidan mata, kwanon abinci ne ke zirga-zirga a tsakani. Ɗakin Maa yana can ƙuryar gida, bayan murhunan banda. Ƙofa lafiya lau, ba a ɓalle komai ba.

"A ina kike ajiye su?"

Ta nuna da haɓa. A kan kabad akwai samira uku, an ɗora su a kan juna an ɗaure da ƙyalle.

"Kwanukan Ataa ne. Da na ga ba girki zan yi ba, sai na sa takardun a cikin ta ƙasan. Ɓarawo yana neman akwati ne, wa zai buɗe kwanon miya?"

"To wa ke yi wa Ataa abinci?"

"Esinam. Ita ke yi mini bandar ma. A robarta take kai masa."

Sufeto ya sauke samirun, ya kwance ƙyallen. Ta ƙasa fes, a bushe. Ya buɗe ta tsakiya, ya goga yatsa a gefen murfin, ya ɗago shi ja.

"Yaushe rabon da ki zuba miya a cikin wannan?"

"Na ce maka mako uku."

"Wannan manjan bai kwana uku ba."

Maa ta sunkuyo ta shinshina. Sannan ta ɗago.

"Miyar kuɓewa ce," ta ce. "Ita muka ci ranar Lahadi."

Sufeto ya koma ofis yana jin daɗin kansa. Ga hujja ta zo ta same shi daga baya, ta rufa masa asiri.

Esinam tana zaune a kan benci a bayan kanta. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, gwauruwa, hayaƙi ya rina mata ido. An ɗauko ta daga bakin murhu ko hannu ba ta wanke ba.

"Kin shiga ɗakin Maa Lamiley cikin makon nan?"

"Ban shiga ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Me zai kai ni?"

Ya ajiye samirar a gabanta, ya buɗe murfin. Ta kalli manjan.

"Ranka ya daɗe, tsoro ne ya sa na ce haka. Na shiga. Ranar Lahadi, tana coci."

"Ci gaba."

"Ataa ne ya kore ni da abinci ranar Asabar. Ya ce shi ba ɗan kurkuku ba ne da za a riƙa kawo masa tuwo a roba, in kawo masa a kwanukansa ko in bari. Na ji nauyin gaya wa Maa, kada ta ji haushi ta ce za ta koma girki. Sai na ɗauko su yadda suke, na zuba tuwon banku a ta sama, miya a ta tsakiya."

"Ta ƙasan fa?"

"Ban buɗe ta ba. Ta nama ce, mu kuwa ba mu da nama ran nan. Na ɗaure su duka na kai masa, da safe na je na karɓo, na wanke biyun na mayar."

"Wato kwanukan sun kwana a wurin Ataa."

"Sun kwana."

Maimakon Sufeto ya tsaya ya yi tunani, sai ya daki tebur.

"Ke ba ki da kunya? Kin ci amanar matar da ta ba ki ɗaki, yanzu kuma za ki shafa wa dattijo? Kin san ko shi wane ne a unguwar nan?"

"Ni ban ce shi ya ɗauka ba. Tambayata ka yi, na ba ka amsa."

"Kofur, mayar da ita ciki!"

Kofur Serwaa ta kama hannun matar, amma a bakin ƙofa ta juyo.

"Yallaɓai, a rubuta me a littafi?"

"Rubuta ana bincike."

"To. Ana bincike." Yadda ta maimaita kalmar bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Ranar Laraba da safe ya shiga gari. Niyyarsa ya roƙi mutanen ofishin ɗaukar yatsu su ɗaga wa Maa rana, ko su karɓe ta ba fasfo. Ya tarar da layi har bakin titi, kowa ya ci ado kamar mai zuwa biki, kowa rungume da ambulan. Wani saurayi yana ta goge tafinsa a wando, wata mata tana gyara wa mijinta kwala saboda hoto. Ya nuna katinsa da takardar ofis, aka kai shi wurin shugabar sashen, Madam Oforiwaa Darko.

"Ba fasfo, ba shiga," ta ce. "Ba ni na kafa dokar ba. In kuma ta rasa gobe, ranar da ta rage mana sai bayan wata uku."

"'Yarta za ta haihu nan da mako bakwai."

"Kowa da ka gani a layin nan da nasa uzurin, Sufeto." Ta danna kwamfuta. "Lamiley Laryea. Ai na tuna ta, baiwar Allah, har haƙuri ta riƙa ba na'ura. In ta bi abin da muka ce, na san zai fito. Ka dai gaya mata ta kula, ko ƙuna ko yanka a kan yatsa ba ma ɗauka sai ya warke. Shi mijin fa? Shi ma nasa fasfon ya ɓata?"

"Shi ai ya gama."

"Ya gama me?"

"An karɓi nasa tun zuwan farko."

Madam Oforiwaa ta cire tabarau ta kalle shi.

"Wa ya gaya maka? Nasa ya fi nata lalacewa. Gobe ƙarfe goma sha ɗaya shi ma, ga sunansa a ƙasan nata."

Ta juyo masa da kwamfutar. Ga hoton Ataa Laryea, ya yafa babban zane na alfarma, ya ɗaga haɓa. A gefen hoton akwai gida goma na yatsu, duk baƙin dabbare, babu zane ko ɗaya.

"Ba zan manta da shi ba. Ya shigo yana gaisawa da kowa kamar shi ya gina wurin. Ita matar tana wancan ɗakin, shi yana wannan. Sau shida muna gwadawa. Ni da kaina na kama hannunsa na goge, na danna. Igiya da gishiri sun cinye komai. Na ce, Baba, sai ka bar teku mako uku, ka shafa mai, ka sa safa. Ya ce, ni? Sai wani mara kunya daga kan layi ya ce, tsoho, kifi ya cinye maka yatsu! Aka kwashe da dariya. Ya karɓi takardarsa ya cusa a aljihu, ya fita bai kalli kowa ba. Na ji tausayinsa ƙwarai."

Sufeto ya yi godiya ya fito. Kunnuwansa suna zafi kamar shi aka yi wa dariyar.

A mota ya jera abin a ransa, ko'ina ya juya shi wuri ɗaya yake komawa. Kwanuka sun kwana a gidan maza. Tsohon ya yi ƙarya a kan yatsunsa. In Maa ta je gobe aka karɓi nata, bizarta za ta fito, tasa ba za ta fito ba, duk bakin teku ya ji. In kuwa fasfonta ya ɓata, ba mai tafiya, ba kuma mai tambaya.

Ya iso Chorkor ƙarfe biyu. Da ya miƙe gidan maza a lokacin, da ya same shi. Amma sai ya tsaya wurin mai dokunu, ya sayi biyu da soyayyen kifi, ya zauna yana ci kamar mai aikin gayya, yana ta shirya yadda zai fara magana. Yaya mutum zai kalli wanda ya ɗauki gawar ubansa ya ce masa buɗe akwatinka? Ya shirya jimla ya rushe, ya sake shiryawa. Lokacin da ya isa gidan, ƙarfe uku ta wuce.

"Ataa ya bi kwale-kwale," in ji wani tsoho da ke ɗinkin raga a zaure. "Sai gobe da safe. Mu ma mun yi mamaki, rabonsa da kwanan teku ya fi shekara."

Ɗakin a kulle da kwado. Sufeto yana da ikon neman takardar bincike ya fasa, ya san da haka. Ya tsaya yana kallon kwadon, sannan ya juya.

A ofis ya sa aka fito da Esinam.

"An sallame ki. Kuskure aka yi."

"Aka yi?"

"Na yi."

Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Shekara shida ina gidan Maa. An ja ni ta tsakiyar kasuwa, yara suna bina suna ihu. Ba komai, ranka ya daɗe. Akwai motar Keta da asuba."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Kofur Serwaa ta rufe littafi da ƙarfin da bai kamata ba.

Hanyar gidansa ta ƙofar gidan su Maa ta bi. Rana tana shirin faɗuwa, ya hango ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hannuwa cikin safa a kan cinya. 'Yar magana kaɗan kawai take buƙata: Maa, kada ki cire rai. Amma in ya faɗi haka za ta tambaye shi dalili, dalilin kuwa mijinta ne. Ya rage tafiya, ya ɗaga mata hannu daga nesa, ya wuce.

Ranar Alhamis ƙarfe shida yana bakin teku. Kwale-kwale suna ta shigowa, mata suna ta ɗibar kifi a daro, amma na Ataa shiru. Sai ƙarfe tara saura aka ja shi kan yashi. Da alama tsohon ya so ya kai goma sha ɗaya a ruwa, matuƙansa ne suka ƙi, don kifi ba ya jira.

"A'a, ɗana!" in ji Ataa da ya hango shi. "Ta amsa laifinta?"

"Ataa, mu je gida. Maganar ba ta nan ba ce."

Tsohon ya kalle shi, ya kalli Kofur Serwaa da ke tsaye nesa kaɗan, sannan ya shige gaba har suka shiga ɗakinsa. Ya zauna a bakin gado. Sufeto ya tsaya, ya cire hula.

"Jiya na je ofishin ɗaukar yatsu."

"To?"

"Na ga hotonka. Na ga gidajen goma."

"Na'urarsu ce ta lalace."

"Ka ce mana ta kawo kore."

"Kai, Nortey! Ni kake yi wa tambayar ɓarayi? Ni da na wanke ka kana tsumma?"

"Kai ne, Ataa. Shi ya sa na kulle matar da ba ta ji ba ta gani ba, kwana guda da yini, don ka ce. Shi ya sa jiya na kasa fasa ƙofar nan. Yau kam ba zan fita ba sai da fasfon. Ƙarfe tara da kwata yanzu. Ko ka ba ni da hannunka, ko in kira Kofur mu zazzage ɗakin a gaban 'yan uwanka."

Ataa Laryea ya buɗe baki zai yi tsawa, ya fasa, ya juya tafukansa yana kallo. Sai kafaɗunsa suka sauka, nan take ya koma tsoho sosai.

"Ban nemi in ɗauka ba. Allah ya sani. Na buɗe kwano ina neman nama, sai ga shi a ciki."

"Me ya sa ba ka mayar ba?"

"Na yi niyya. Na riƙe shi a hannu har gari ya waye." Ya ɗago ya kalle shi. "Ka san abin da aka yi mini a unguwar nan? Ranar da muka dawo daga wurin, tun kafin in sauka daga mota aka tare ni da kiɗa. An yanka akuya. An zuba wa kakanni abin sha, an yi mini addu'ar tafiya. Ƙanena ya riga ya karɓi ragamar kwale-kwalen. Da wane baki zan ce musu wata yarinya ta kama hannuna ta goge kamar na jariri, ta ce ba ni da yatsu? Sai na ce an karɓa. Daga nan kuma ba hanyar komawa."

"Ai da ka huta mako ukun, ka shafa man."

"In zauna a zauren nan da safa a hannu? Ni? A gaban mazan da na koya wa jan raga?" Ya girgiza kai. "Na ce in takardarta ta ɓata, sai in ce na fasa tafiya saboda matata. A ce Ataa mutumin kirki ne."

"Koshie fa?"

Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu.

"Kada ka kira mini sunanta."

"Esinam fa?"

"Na ga dole a ce wani ne ya ɗauka. Ita ce ba ta da kowa."

Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo wata tsohuwar raga daga ƙarƙashin gado, ya zaro leda daga cikinta. Fasfo ne da takarda, ko lanƙwasa ba su yi ba. Sufeto ya duba agogo. In aka samu hanya, minti hamsin ya isa.

"Tashi, Ataa. Da hannunka za ka ba ta."

Tun daga bakin lungu suka hango hayaƙi yana tashi daga gidan mata. Sufeto ya ƙara sauri, har ya bar tsohon a baya.

Maa Lamiley tana tsaye a kan murhu, tana juya kifi a kan ragar waya da hannu tsirara, yadda ta saba yi shekara arba'in. Safar tana rataye a kan igiya, an wanke ta.

"Maa! Me kike yi?"

"Aiki nake yi, ɗana. Esinam ta tafi da asuba. An kawo daro huɗu tun ƙarfe shida, in zuba musu ido su ruɓe? Tafiya dai ta riga ta fasu."

"Ba ta fasu ba. Ga shi an samu."

Ataa Laryea ya ƙaraso, ya miƙa mata ledar, kansa a sunkuye. Matan gidan suka daina abin da suke yi.

"A wurina yake," ya ce. "Tun ranar Lahadi. Ni ma na'urar ba ta karɓe ni ba, Lamiley. Ƙarya na yi."

Maa ba ta karɓa ba. Ta kalli ledar, ta kalli mijinta, sannan ta ɗaga hannuwanta biyu ta buɗe su a gabansa. Fatar da ta yi laushi da mai mako uku ba ta iya da wuta ba. Kan yatsun duk sun tashi, wasu sun fashe suna ruwa, babban yatsan dama ƙaya ta tsaga shi.

"Da ka gaya mini," ta ce a hankali, "ai da mun sa safar tare. Har da taka na saya."

Tsohon ya dafa bango.

"Maa, mu je duk da haka," in ji Sufeto. "Ga mota. Zan roƙe su, ko za su gwada."

"Su gwada me? Kai ma kana da ido." Ta sauke hannun. "Zan je, don kada Koshie ta ce ban je ba. Amma ba a motarka ba."

Ta sa wata mata ta karɓi ledar ta cusa mata a ɗaurin zane. Sai ta juyo gare shi.

"Nortey, tun yaushe ka sani?"

Ya so ya ce yau da safe. Ba wanda zai ƙaryata shi.

"Tun jiya da rana, Maa."

"Jiya da yamma ka wuce ta ƙofar nan. Ka ɗaga mini hannu."

"Na wuce."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyaɗa kai kawai, ta shiga ɗaki ta sauya zane.

Kofur Serwaa ta matso, ta ciro ankwa tana jiran umarni. Ataa Laryea ya miƙa hannuwansa da kansa.

"Sa mini, yarinya. Kada ki ji nauyi."

Sufeto ya gaya masa laifinsa kamar yadda doka ta ce a faɗa: ɓoye fasfon wani, da kai ƙarar ƙarya a kan wadda ba ta da laifi. Kalmomin suka fito daidai, ba gargada, amma idonsa yana kan takalminsa.

Suka fito lungu. Labari ya riga su fita, mutane sun cika bakin hanya suna kallo. Kofur tana gaba, tsohon da Sufeto suna biye kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sunkuyar da kai. Ba don kakin ba, baƙo ba zai iya cewa ga wanda aka kama ba.